Mene ne tsamin ƙasa?

Tsamin ƙasa, wanda malaman gona ke yawan ambato idan ana zancen taki, yanayi ne da ƙasar noma ke shiga bayan ruwan sama ya daɗe yana wanke mata sinadaran kalsiyam da magniziyam da fotashiyam. Ana gane shi da ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, duk abin da ya gaza haka kuwa ya karkata ga tsami.

Asalin waɗannan sinadarai dutse ne. Baƙin dutsen da aman wuta ya bari, irin wanda ake samu a tsaunin Mambila na jihar Taraba da wasu sassan Filato, yana da wadatar kalsiyam da magniziyam da ƙarfe, don haka ƙasar da ta fito daga gare shi takan yi albarka tun tana sabuwa. To amma a wuri irin Gembu da ke kan tsaunin Mambila, inda damina kan kai kusan wata takwas, ruwa yana kwashe abin da ke narkewa shekara da shekaru, ya bar jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe da alminiyam, wadda yumɓunta ba ya riƙe abincin shuka sosai.

Idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam yakan narke ya cutar da saiwa. Wanda ya tumɓuke masara a irin wannan gona zai tarar da saiwoyinta gajeru, masu kauri, bakinsu ya dakushe, ga ganyen ƙasa ya soma yin ja saboda tsatsar ta ƙulle fosfaras ɗin da aka zuba, shukar ba ta samu ba. A nan ne kuɗin takin zamani ke salwanta. Ganyen shayi kam tsamin yake so, shi ya sa ake nomansa a Kakara, a can tsaunin Mambila.

Manomin Sakkwato yana iya ɗauka cewa wannan ba matsalarsa ba ce, tunda ruwan saman Sakkwato bai kai rabin na Mambila ba, amma ina ganin akwai ganganci a hakan, domin jigawa rairayi ce, kuma zuba mata takin yuriya kowace damina ba tare da takin dabbobi ba yana tsamar da ita sannu a hankali. Maganin da aka sani shi ne niƙaƙƙiyar farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, don yin siminti, toka ma tana taimakawa, sai dai ya kamata a auna ƙasar gonar kafin a zuba.