Waiwaye: Zaɓen 1945 da ya kayar da Churchill

Ranar 5 ga Yulin 1945, wata biyu kacal bayan Jamus ta miƙa wuya, mutanen Birtaniya suka fita zaɓe. Rabonsu da babban zaɓe tun 1935, domin yaƙi ya sa manyan jam'iyyu sun haɗa gwamnati guda. Firayim Minista Winston Churchill na jam'iyyar Conservative shi ne gwarzon da ya riƙe ƙasar lokacin da jiragen Hitler ke yi wa Landan ruwan bama-bamai, kuma duk inda ya tsaya yawon neman ƙuri'a jama'a dafifi suke yi. Abokin karawarsa, Clement Attlee na jam'iyyar Leba, mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ya yi masa mataimaki a gwamnatin yaƙi.

Sai da aka jira mako uku kafin a ƙirga, saboda ƙuri'un sojojin da ke bakin daga a ƙetare. (Sojojinmu na Afirka ta Yamma da ke dajin Bama a lokacin, su dai ba su da ƙuri'a.) Ranar 26 ga wata sakamako ya fito: Leba ta lashe kujeru 393, Conservative 197. Jam'iyyar Liberal ta tsira da 12, shugabanta Archibald Sinclair ma ya rasa kujerarsa.

A ganina kayar da Churchill ba butulci ba ne. Talakan Ingila bai manta da shekarun 1930 ba, lokacin da masana'antu suka rufe, har ma'aikatan garin Jarrow suka tako da ƙafa zuwa Landan a 1936 suna roƙon aiki. Sojan da zai dawo gida kuwa abin da ke ransa shi ne ɗakin kwana, aikin yi, da kuɗin likita in yaro ya kwanta. Tun 1942 rahoton William Beveridge ya zayyana yadda gwamnati za ta tallafi ɗan ƙasa daga haihuwa har mutuwa. Leba ta rungumi rahoton hannu bibbiyu, Conservative na jan ƙafa. Churchill kuma ya ƙara ɓata rawarsa da tsalle: a jawabinsa na rediyo ranar 4 ga Yuni ya ce gwamnatin gurguzu irin wadda Leba za ta kafa sai ta nemi wani abu mai kama da Gestapo, wato 'yan sandan ciki na Hitler. Mutanen da ya yi shekara biyar yana aiki tare da su yake nufi, kuma maganar ta yi wa masu sauraro da yawa zafi.

Ana tsakiyar taron Potsdam a Jamus, inda shugabannin ƙasashen da suka ci yaƙi suka haɗu, aka yi canjin. Attlee ne ya koma a madadin Churchill ya zauna da Stalin na Tarayyar Soviet da Truman na Amurka. Gwamnatinsa ta karɓe ma'adinan kwal da jiragen ƙasa, ta ba Indiya 'yanci a 1947, sannan a 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan ya buɗe hukumar lafiya ta NHS, inda ake ganin likita kyauta. Churchill ya dawo mulki a 1951, duk da Leba ta fi shi yawan ƙuri'u, amma bai rushe NHS ba.