Penisilin

Penisilin rukuni ne na magungunan da ke kashe ƙwayoyin cutar bakteriya, kuma asalinsa daga funfuna yake. A 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Alexander Fleming ya lura funfunar da ta faɗa cikin farantin da yake renon bakteriya ta kashe waɗanda ke kewaye da ita. Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford ne suka tace sinadarin har aka gwada shi a jikin majiyyaci a 1941. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945.

Duk aikin maganin a bango yake. Ƙwayar bakteriya tana zaune ne cikin katanga mai tauri, kamar yadda ganuwa ta kewaye birnin Zazzau, kuma katangar ce ke hana ta fashewa saboda ruwan da ke kutsawa cikinta. Idan za ta girma ko ta rabu biyu, sai wasu sinadaranta masu aikin magina su ɗaure sabon gini da tsoho. Penisilin kan manne wa waɗannan magina ya hana su ɗauri. Katanga ta yi rauni, ruwa ya cika ƙwayar, ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin ba ya rusa su.

Daga nan ake gane iyakarsa. Bairos ɗin da ke kawo mura ba shi da bangon, haka ma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, don haka penisilin ba ya yi musu komai.

Penisilin G allura ce, domin ruwan tsamin ciki yana lalata shi. Penisilin V kuwa sha ake yi, kuma ana ba yara masu sikila shi kullum don kariya, galibi har su kai shekara 5. Allurar penisilin benzatin, mai daɗewa a jiki, ita ce har yau babban maganin tunjere, ko ga mai juna biyu. Amoksisilin, wani nau'in penisilin wanda ya shigo kasuwa a 1972, shi ne na farko da ake ba yaro mai nimoniya, ana kuma ba da shi don ciwon kunne, ciwon maƙogwaro na bakteriya da kumburin haƙori. A mashaƙo ana haɗa penisilin da allurar karya dafin cutar.

Wasu bakteriya suna fitar da sinadarin da ke tsinka penisilin kafin ya isa bango. Saboda su ake haɗa amoksisilin da wani sinadari mai kare shi a cikin maganin Augmentin, saboda su kuma penisilin ya daina aiki ga ciwon sanyi. Abin takaici, mutum yakan tsaya kemis a Sabon Gari ko Tudun Wada ya sayi kafso biyu na Ampiclox, wanda shi ma dangin penisilin ne, don mura ko ƙuraje. Wannan ɗan shan yakan kashe raunana ya bar masu taurin kai su hayayyafa, daga baya a kai majiyyaci asibitin koyarwa na Shika maganin bai ƙara ji ba.

Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar sa. Ƙaiƙayi, borin jini, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan sha alama ce ta a daina nan take a garzaya asibiti, kuma a riƙa faɗa wa likita duk lokacin da zai rubuta magani.