Baƙo a Mararaba: Kafin Ka Zaɓi Mai Tuwo, Dubi Robar Wanke Hannu

Da wuya mako ya shige ba a kawo mana wani saurayi asibiti a kan babur ba, an riƙe shi ta baya kada ya faɗi, idanu sun zurma, leɓe ya bushe. In ka tambayi wanda ya rako shi, amsar ba ta cika sauyawa ba: bai daɗe da zuwa garin ba. Wani daga Katsina ya zo tura baro, wani daga Bauchi ya zo acaba, wani kuma ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfinsa, ya kama ɗaki a Mararaba ko Ado ko Masaka, ya bar iyali a gida sai ya daidaita. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba su da mai girka musu. Da safe teburin mai shayi, da rana buka, da dare gindin mai tuwo.

Ana kwantar da shi sai ka ji ɗan rakiya ya ce, "Malam, canjin ruwa ne, zai saba." Na gaji da jin wannan magana. Ba wani canjin ruwa. Ƙazanta ce ta shiga cikinsa, kuma sau da yawa da hannunsa ya kai ta baki, hannun da yake ganin ya wanke.

Ba zan ce muku ku daina cin abinci a waje ba. Na san yadda zaman yake. Mutumin da ya fito tun asuba don ya tsere wa cunkoson hanyar Keffi zuwa Abuja, ya tsaya cak a Nyanya, ya dawo bayan isha'i a gajiye, ba za ka ce masa ya hura risho ya ɗora tukunya ba. Ni ma ina ci a waje. Masu abincin nan kuwa iyayenmu ne da yayyenmu, da wannan sana'a suke biyan haya da kuɗin makarantar yara, kuma akwai masu hannun girki a cikinsu da ba ka samun irin tuwonsu ko a manyan gidajen abinci. Maganata a kan abu ɗaya ce: robar nan da ake ajiyewa a gefen benci, kowa ya zo ya tsoma hannu a ciki.

Kun san ta. Da hantsi aka cika ta da ruwa. Mai faci ya zo ya tsoma. Mai kwashe shara ya zo ya tsoma. Wanda ya fito daga bayan gida na kasuwa, ya yi tsarki ba sabulu, ya zo ya tsoma. Wanda ya gama cin teba da miyar agushi ya dawo ya ɗauraye a ciki. Kafin azahar ruwan ya koma ruwan toka, manja na yawo a sama, ƙwayar shinkafa ta kwanta a ƙasa. Sai kai ka iso da yunwarka, ka nutsa hannu har wuya, ka karkaɗe, ka goge da tsumman da ke rataye a ƙusa, wanda shi ma kowa da shi ya goge, ka ce bisimilla. Ɗan'uwana, me ka wanke? Da ka zo da dattin hannunka kai kaɗai. Yanzu ka ƙara da na duk wanda ya riga ka zama a bencin nan tun safe.

Wasu masu abinci na ganin sun yi dabara, sai su barbaɗa omo a ciki ya yi kumfa. Kumfar ba ta gyara komai ba, ta dai rufe ido. Wasu kuma roba biyu suke ajiyewa, ta wanki da ta ɗauraya. Duk tsomawa ce. Muddin ruwan a tsaye yake, hannu na shiga yana fita, abin da ya sauka daga hannun wani yana nan yana jiran naka.

Na san dalilin da ya sa ake haka, kuma ba rashin hankali ba ne. Ruwa ne ke da tsada a nan. Tun da aka mayar da gwamnatin tarayya Abuja a 1991 mutane ke kwararowa wannan gefe na ƙaramar hukumar Karu a jihar Nasarawa, rusau da aka riƙa yi a cikin birni ya ƙara turo wasu, gini ya bi hanya har ya wuce Masaka, amma famfon gwamnati bai bi ginin ba. Yawancin unguwanni da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa ake rayuwa. Fili ya yi ƙaranci, sai ka ga masai a nan, rijiyar maƙwabci a bayan katanga. Mai abincin da ke sayen ruwa jarka-jarka daga kura dole ta yi lissafi, ta ga roba ɗaya za ta kai ta yamma. Na fahimta. Amma Hajiya, Uwar ɗakina, ki yi lissafin har ƙarshe. Buta ɗaya ta isa mutane da dama in ana zubawa a hankali. In butar ce babu, ki huda murfin gorar ruwa da ƙusa, ta zama famfo. Ruwan da ya sauka a roba ki yayyafa a ƙasa ya kwantar miki da ƙura. Ranar da mutum biyu ko uku suka kwanta bayan sun ci a wurinki, labari zai zaga tasha kafin la'asar, asarar da za ki yi kuwa ta fi kuɗin jarka nesa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun san daidai. Wane ne a cikinmu zai yi alwala da ruwan robar nan? Babu. Tun muna yara aka koya mana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita ba a tsarki da shi. An koya mana wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannu a cikin mazubi sai ya wanke shi sau uku. In za mu yi salla, buta muke ɗauka, mu zuba, ruwa ya bi hannu ya faɗi ƙasa. To me ya sa in abinci ne sai mu manta? A ƙauyenmu ma in baƙo ya zo, yaro ne ke riƙe buta ya zuba masa. Zuwa birni ne ya sa muka yarda da abin da ba ma yarda da shi a gida.

Ku tuna shekarar 2020, lokacin korona. Kowane shago, kowace buka, kowane masallaci da coci an girka bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa. Ba wanda ya ce ya fi ƙarfinsa a lokacin. Ina bokitan nan suka tafi? Na ga wasu an mayar da su mazubin zoɓo, wasu an jibga su a bayan shago. Korona ta lafa, amma amai da gudawa bai je ko'ina ba. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohinmu na arewa, Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Abuja ma ba ta tsira ba. Wannan cuta ta hanyar bayan gidan mai ɗauke da ita take zuwa bakin wani, ta ruwa, ta abinci, ta hannu. Haka taifot, haka atini, haka wani nau'in ciwon shawara da ke yi wa masu juna biyu mummunan kamu. Hanyarsu ɗaya, robar nan kuwa a tsakiyar hanyar take.

Akwai masu ce min, "Shekarata nawa ina tsomawa, ban taɓa kwanciya ba." Allah ya ƙara tsarewa. Amma zazzaɓin nan da ka yi ta fama da shi bara, ka ce maleriya ce, ka sha magani bai sauka ba, daga ina ya zo? Taifot ba ta nuna kanta a ranar da ka ci. Sai bayan mako ɗaya ko biyu, ko fiye, zazzaɓi zai fara hawa, ga ciwon kai, ga ciwon ciki, lokacin ka manta inda ka ci. Wani kuma yana ɗauke da ita a jikinsa, shi lafiyarsa ƙalau, yana rarraba wa mutane bai sani ba. Wataƙila shi ne ya riga ka tsoma hannu.

Ba robar kaɗai ce matsala ba, na sani. Akwai mai shayin da ke karɓar kuɗi ya yanka burodi da hannu ɗaya. Akwai ɗanyen kabeji da tumatir da albasa da mai tsire ke yanka maka ba a wanke ba. Akwai ƙanƙarar da ake jefawa a fura da kunun aya, wadda ba wanda ya san da wane ruwa aka daskarar da ita. Akwai shinkafar da ta kwana, aka ɗan ɗumama aka zuba a kula. Duk ku kula da su. Amma waɗannan sai ka sa ido sosai kafin ka gane, robar kuwa tana gabanka, kana ganinta tun daga bakin titi, kuma tsomawar a hannunka take.

Saboda haka, kai da ka zo jiya kana tambayar abokan ɗaki ina ake samun tuwo mai daɗi da araha, ka ƙara tambaya ɗaya: yaya ake wanke hannu a wurin? In ka je, ga abin dubawa:

- Buta ko bokiti mai famfo, da sabulu. In roba ce ta tsomawa, kada ka sa hannu.
- Ka cuɗa da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a zuba maka ruwa ya wuce. Kada ka taɓa tsumman. Ka bar hannun ya bushe da kansa.
- In ba buta, sayi fiya-wata ɗaya ka wanke da shi, ko ka nemi cokali ka ɗauraye shi.
- Abinci mai tururi, a rufe. Mai sanyi, bar shi.
- Leƙa inda ake wanke kwanuka. In can ma ruwa ɗaya ne tun safe, tashi.
- Wurin da ke bakin kwata ko kusa da bola, ƙuda na sauka, ka wuce gaba.

Kuma don Allah ku riƙa magana. Ba faɗa ba, ba cin fuska ba. "Mama, a taimaka min da buta." Shi ke nan. Kunya ce ke hana yawancinku, kada a ce baƙo ya zo da iyayi. Wace kunya? Kuɗinka za ka biya. In mutum biyar suka nemi buta a rana ɗaya, gobe za ku tarar da ita a ajiye. Na ga wuraren da aka sauya saboda masu ci sun nema, ba don duba-gari ya zo ba.

In kuma abin ya riga ya faru, gudawa ta fara, kada ka kwanta a ɗaki ka rufe ƙofa kana jiran ka saba. Fara shan ruwan gishiri da sukari nan take. Na fakiti da ake kira ORS ya fi, akwai shi a kowane kyamis, a narka fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. In ba a samu ba, fiya-wata biyu lita ɗaya ke nan, ka zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ka motsa. Kurɓi kaɗan-kaɗan, ko kana amai ka ci gaba. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc kwana goma zuwa sha huɗu, mai shan nono kada a cire shi daga nono. Kada ka tsaya haɗiyar kafso da filajil da wani ya ƙirga maka a leda, kana ganin ka yi magani. Rashin ruwa a jiki ne ke kisa, kafso ba ya mayar da ruwa.

In bayan gida ya zama tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini a ciki, ko fitsari ya ɗauke, ko mutum ya kasa sha, ko idanu sun zurma, a ɗauko shi zuwa asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne. Kwalara na iya gamawa da ƙato cikin sa'o'i. Zazzaɓin da ya kwana uku bai sauka ba shi ma a zo a duba. Ba za mu yi muku faɗa ba in kun zo, wallahi mun fi son ku zo da ƙafafunku.

Shugabannin 'yan acaba, 'yan kamasho a tasha, limamai, da duk wanda yaro ke sauka a hannunsa in ya zo daga gida, wannan aikin har da ku. Kuna nuna masa inda zai kwana, kuna nuna masa inda zai samu aiki, kuna kai shi wurin mai tuwon da kuke ci. Ku kai shi wurin mai buta. In mai tuwonku ba ta da ita, ku haɗa kuɗi ku saya mata buta biyu da sabulu kafin ruwan sama ya sauka, don da damina ne kwata ke cika ta malala cikin rijiyoyi, mu kuma gadajenmu su cika.