Ma'anar Stevens-Johnson, cutar da ake ta kira annoba

Da zarar hoton mara lafiyar da fatarsa ta saɓule ya yaɗu a Facebook, sai sunan Stevens-Johnson ya cika gari, har ka ji mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa wai "sabuwar cuta ta ɓarke". Wannan "ɓarkewa" ita ke ɓata mini rai. Kwalara ke ɓarkewa, sanƙarau ke ɓarkewa. Wannan kuwa ba a ɗaukarta daga kowa, ko da kwano ɗaya kuke ci da mai ita. Kuma ta daɗe: tun 1922 wasu likitocin yara a Amurka, Albert Stevens da Frank Johnson, suka bayyana ta a jikin yara maza biyu, aka sa mata sunansu.

Garkuwar jikin mutum ce ke afka wa fatarsa, galibi saboda wani magani da ya sha. Magungunan ma sanannu ne: Septrin, Fansidar, Tegretol na farfaɗiya, Feldene na ciwon gaɓoɓi, nevirapine na masu ƙanjamau. Dubbai suna shan su lafiya lau, ɗaiɗaiku ne jikinsu ke ƙi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba ta fitowa ranar da aka fara shan maganin, takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Tana farawa da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da jan ido. Uwa ta gani ta ce maleriya ce ta dawo, ta aika kemis a ƙaro ainihin maganin da ya jawo abin. Ƙuraje su feso, a ce ƙyanda ce, a kulle yaro a ɗaki ana jiƙe-jiƙe. Kafin a ankara leɓɓa sun tsattsage sun yi ɓawon jini, ido ya manne, ko ruwa ba ya haɗiyuwa, fata tana salewa kamar ƙunar tafasasshen ruwa. Idan salewar ta haura kashi 30 cikin 100 na jiki, likitoci na kiranta TEN, wato mataki mafi tsanani na cutar, kuma a nan kusan mutum ɗaya cikin uku kan rasa ransa.

A ganina, mai kemis da ke miƙa Septrin bai tambayi ko ya taɓa yi wa mutum illa ba yana da nasa alhakin. Duk wanda ya ga ƙuraje tare da miki a baki ko ido bayan fara sabon magani, kada ya ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya, ya nufi asibiti a ranar da kwalin maganin a hannunsa. Wanda ya warke kuma ya riƙe sunan maganin, ya faɗa wa duk likitan da zai duba shi, domin sake shan sa na iya dawo da ciwon.