In 'Yan Jami'a Sun Zo Ɗibar Ruwan Rijiyarku

Jama'ar Damagaram, salamu alaikum. In kuka ga ɗaliban Jami'ar André Salifou a bakin rijiya ko tabki da 'yan kwalabe, suna ɗibar ruwa suna rubuta lamba a jiki, don Allah kada a kore su, kada kuma a baza jita-jita cewa rufe rijiyar za a yi. Mu ma'aikatan lafiya aikinsu ya fi amfana.

Mu dai abin da ke iso mana asibiti shi ne yaro mai gudawa, ko mai fitsarin jini. Mu ba shi magani, ya warke, ya koma ga ruwan da ya kwantar da shi. Asalin cutar kuwa sai an haɗa kai da masu wani ilimi.

Masanin ƙasa zai gaya maka garin nan bisa dutse yake zaune. Ruwan sama ba ya nutsewa da nisa, sai ya kwanta a tabkuna, shi ya sa ake jawo mana ruwan famfo daga wajen gari, irin su Gogo da Machaya da Arungunza. Ƙarancin ruwa ma na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. Masanin halittu shi zai duƙa ya tsinto ƙananan dodon koɗi a gefen tabki, waɗanda tsutsar tsargiya ke girma cikinsu kafin ta huda fatar yaro mai wanka. Wani kuma ya zauna da mata ya ji dalilin da ya sa ake wanki a tabkin, alhali an san illarsa. Amsar sau da yawa kuɗin garuwa ce, ba jahilci ba.

Sai mai awon sinadari, wanda aikinsa ya fi damuna. Ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, amma da illa a ciki. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya ɓata haƙoran yara, ya tanƙwara ƙasusuwansu, aka daɗe ba a gane ba. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs ma haka, amma ba sa fitar da irin wannan sinadari. Haka shi ma naitiret da ke tsiyaya daga masai ko taki zuwa rijiya, wanda ya fi cutar da jarirai.

Saboda haka in sun tambaye ku, ku faɗi gaskiya. Taku nawa ne tsakanin masai da rijiya? Wane wata ruwan ke canza launi? Malam, Hajiya, ba harajin kowa za a ƙara ba.

Ku ma kuna da haƙƙi a kansu. Ku tambayi sunan malamin da ya aiko su, ku ce a kawo sakamakon awon wurin mai unguwa, a yi bayaninsa da Hausa. Yaron da kuka ga jini a fitsarinsa kuwa, kada a jira wani bincike, a kawo shi asibiti, akwai maganinsa.