Allunan tallar keke: daga bangon shago zuwa gwanjo

Musun da masu tara tsofaffin allunan tallar keke ke yi a Ingila bai wuce kan abu biyu ba: tsada da jabu. Da yawa suna ɗora laifin a kan cinikin intanet, wai shi ya jawo 'yan neman riba cikin harkar. Ni dai a ganina maganar ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa a Coventry, a 1888 Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska, sai kasuwa ta buɗe. Kamfanoni irin su Raleigh na Nottingham da Humber da Rudge suka riƙa raba wa dilolinsu allunan ƙarfe su kafa a ƙofar shago. Garin gilashi ake shimfiɗa wa ƙarfen a gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 800, irin aikin da ake yi wa langa da kwanukan jeren amarya. Shi ya sa rana ba ta koɗar da launinsa, damina ma ba ta cin sa.

Wurin da ba a cika tsayawa ba shi ne yaƙin duniya na biyu da shekarun da suka biyo bayansa. Daga 1939 ƙarfe ya zama na yaƙi. Aka bi unguwa-unguwa ana tattara shi, har shingayen gidaje aka yanke, alluna masu yawa kuma suka bi wannan hanya. Masana'antun keke da kansu suka koma ƙera kayan yaƙi. Da aka gama a 1945, ƙarancin ƙarfe bai kau nan take ba, ga takarda da siririn gwangwani sun fi araha. A 1948 kuma aka kafa ƙa'idojin da suka taƙaita kafa talla a waje. Kafin a farga, a 1955 tallar talabijin ta shigo gidajen mutane.

Abin da ya mutu a wannan tsakani ya fi ƙarfe. Allon nan alkawari ne: kamfani na cewa sunana zai kai shekara hamsin a bangonka, kai dila kuma kai ne fuskata a garin nan. Sabuwar talla kuwa kowace shekara sai ta sake riga, kuma kai tsaye take magana da mai saye, ba ruwanta da mai shago. Sannan kamfanonin suka yi ta haɗewa, har a 1960 Raleigh da Phillips da Hercules suka koma inuwa ɗaya. Allon da aikinsa ya ƙare, wa zai adana shi? Aka yi facin rufi da shi, aka tare lambu. Lokacin da sha'awar tarawa ta taso wajen shekarun 1970, ragowa kawai aka tarar. Inda kuwa mai nema ya fi kaya yawa, mai jabu ba ya nisa, har tsatsa yake ƙirƙira a gefen ramukan ƙusa don allo ya yi kama da na da.

Mu ma abin ya shafe mu, domin waɗannan kekuna sun cika Kano da Zariya, kuma tallar Raleigh mai nuna mutum yana tsere wa zaki a kan keke don kasuwar Afirka aka yi ta. Ina yaro akwai wani tsoho mai gyaran keke a bakin layinmu da ya yi wa akurkin kajinsa ƙofa da irin wannan allo. Ƙasansa duk ya ɓaɓɓalle, amma da an watsa masa ruwa sai jan da ke jikinsa ya yi ƙyalli kamar ranar aka kawo shi. Bayan rasuwarsa 'yan jari-bola suka zo, suka ɗora shi a sikeli tare da tsofaffin kacoci, suka biya kuɗin kilo. Har yau abin yana min ciwo in na wuce wurin.