Tambayoyi da Amsoshi: Auna Yawan Rini a Ruwa Mai Gudana ta Hanyar Haske

Me ya sa ake zuba rini a ruwan da ake bincike a kansa?

Ruwa garau ba ya nuna yadda yake tafiya. A shekarar 1883, masanin kimiyya Osborne Reynolds ya saki siririn zaren rini cikin bututun gilashi a Ingila, ya ga cewa muddin ruwan na tafiya a hankali zaren yakan miƙe sak, amma da gudu ya ƙaru sai ya tarwatse ya gauraye. Ido yana ganin wannan, sai dai ba zai iya faɗin adadin rinin da ke kowane wuri ba.

To, ta yaya haske ke ba da wannan adadin?

Ana kafa faffaɗar fitila a bayan tankin gilashi, kyamara kuma a gabansa. Sai a ɗauki hoto kafin a zuba rini, a riƙa ɗaukar wasu bayan an zuba, sannan kwamfuta ta gwada hasken kowane ɗigo na hoton da yadda yake tun farko. Tushen lissafin shi ne dokar Beer da Lambert, wadda Pierre Bouguer ya fara gano ta a 1729, Johann Lambert ya tsara ta a 1760, August Beer kuma ya danganta ta da yawan abin da aka narkar a 1852. Ma'anarta ita ce kowane santimita na ruwan yana shanye kaso iri ɗaya na hasken da ya iso gare shi. Idan santimita na farko ya shanye rabi, na biyu zai shanye rabin ragowar, kashi 25 cikin 100 ya fita. Bayan na uku kuwa saura 12.5. Ninka yawan rinin yana da tasiri daidai da ninka nisan da hasken ya ratsa.

Kowace irin fitila za ta yi?

A'a. Shuɗin rinin metilin, alal misali, ya fi shanye jan haske mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta launukan haske) kusan nanomita 664 (nanomita ɗaya bisa biliyan ce ta mita), don haka da jar fitila ake haska shi.

Shin awon yana nuna rinin da ke wuri guda takamaimai?

Nan ne ake yawan kuskure, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta a riƙe. Abin da kyamara ta gani jimillar rinin da hasken ya ratsa ne daga bangon baya zuwa na gaba. Siririn layi mai kaurin rini da faffaɗan gajimare marar kaurin rini suna iya ba da duhu iri ɗaya. Shi ya sa dabarar ta fi dacewa da siraran tankuna, ko kuma inda jimillar ce ake nema. Mai son ganin yanki guda na cikin ruwan yakan koma ga hasken leza da rini mai ƙyalli.

Me ke ɓata sakamako?

Kumfa da ƙura suna warwatsa haske, sai kwamfuta ta ɗauka rini ne. Bambancin gishiri ko zafi yana karkatar da hasken, rinin da ya yi kauri ainun kuma yakan kauce wa dokar. Saboda haka, kafin a fara aiki, ana cika tankin da rini wanda aka san adadinsa, mataki-mataki, ana ɗaukar hoton kowanne da fitila ɗaya da saitin kyamara ɗaya, kuma ba a taɓa su har a gama gwajin.